Bakolori, Dokar Filaye da Manoman Kudancin Sakkwato

Manomin da ke shuka gero da dawa a tudu ko shinkafa a fadama, a Fakku da sauran ƙauyukan Kebbe da Tambuwal, yana ɗaukar gonarsa gadon iyaye da kakanni, amma a idon doka ba shi ne mai ita ba, domin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ta bar wa manomi izinin zama da amfani kawai. Gwamna na iya soke wannan izini idan ya ce za a yi aikin da zai amfani jama'a, kuma diyyar da dokar ta tanada ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine, ba ta ƙasar kanta ba.

Babu inda illar wannan tsari ta fito fili a tsohuwar Jihar Sakkwato kamar Bakolori, kusa da Talata Mafara, wadda ta koma Jihar Zamfara a 1996. A nan ne kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina madatsar ruwa a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala ta a 1978. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, an tashi mutane kusan 13,000, waɗanda kuma aka karɓi gonakinsu domin a baje su a yi hanyoyin ban ruwa suka yi damina bayan damina ba su shuka ba, ga diyya ta maƙale, inda ta fito ma sau da yawa ba ta isa hannun masu ita ba. Manoman da ke gangaren gulbin su ma sun ji jiki, tunda ambaliyar da ke shayar da fadamunsu kowace shekara ta ragu, shinkafa da kifi suka yi ƙaranci.

Manoman sun kai kuka ga hukuma, da abin ya ci tura sai suka tare hanyoyin aikin, suka hana motocin kamfani wucewa. A ƙarshen watan Afrilun 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa da Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, masu bincike kuwa suka ce sun haura 300.

Abin lura shi ne, manoman sun haɗa kai, sun kuma nuna jarunta, amma ba su da ƙungiya mai rassa wadda muryarta za ta kai Legas, mazaunin gwamnatin tarayya a lokacin. Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, NLC, wadda aka kafa a 1978 ƙarƙashin Hassan Sunmonu, ta masu albashi ce, manomi kuwa ba shi da uban gidan da zai yi wa yajin aiki. A Kano da Kaduna, inda gwagwarmayar talakawa ta yi jijiya tun daga jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano a 1950, gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, sun soke haraji da jangali a 1979, alhali a Sakkwato jam'iyyar NPN ce ke riƙe da jiha da tarayya baki ɗaya, saboda haka mai kukan diyya bai sami wata babbar ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Dokar da ta bar manoman Bakolori ba madafa ita ce ke kan gonakin Fakku har yau, kuma sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya killace ta, ta yadda ba a iya gyara ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulkin kansa.