Agwagwarmu Ta Gida: Me Ya Haɗa Ta Da Birnin Mosko?

Duk wanda ya taɓa zama a ƙauye ko a cikin tsohon gari a ƙasar Hausa ya san agwagwa. Ita ce tsuntsuwar nan mai tafiyar rangwaɗa, mai jajayen tsiro a fuska, wadda ke kiwo a bakin kududdufi da magudanar ruwa. Namijinta, watau toro, ba ya kuka da ƙarfi, sai dai huci kamar kububuwa.

Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, a littattafan aikin gona na Ingilishi sunan wannan irin agwagwa Muscovy. Muscovy kuwa tsohon suna ne da Turawa suke kiran ƙasar da ke kewaye da birnin Mosko na Rasha. Ma'anar sunan ke nan, agwagwar ƙasar Mosko. Hausawa na cewa suna linzami ne, amma a nan linzamin ya ja mutane zuwa wata hanya dabam, domin tsuntsuwar ba ta da wata dangantaka da Rasha.

Asalinta ƙasashen Amurka ne masu zafi, tun daga Meziko har zuwa Ajantina. Har yanzu akwai ta daji a can, baƙa ce mai farin tabo a fiffike, tana kwana a kan itatuwa, tana kuma yin ƙwai a cikin kogon itace. Mutanen waɗannan ƙasashe sun riga sun mai da ita ta gida tun kafin Kolumbus ya isa can a shekarar 1492. Daga baya jiragen ruwan Sifaniya da na Fotugal suka kai ta Turai. Masana sun fi ƙarfafa cewa 'yan kasuwar Fotugal ne suka sauke ta a bakin tekun Afirka ta Yamma, daga nan ta yi ta bin hannun fatake har ta iso arewa.

To, ina sunan Mosko ya samo asali? Akwai bayani iri uku.

Na farko ya shafi ciniki. A shekarar 1555 aka kafa wani kamfani a birnin Landan mai suna Kamfanin Muscovy, don yin ciniki da Rasha. Wasu na ganin cewa a wancan zamani sunan kamfanin ya cika bakin mutane, har ya zama duk baƙon abu ana iya laƙaba masa shi.

Na biyu ya shafi ƙamshi. Wani masanin halittu ɗan Ingila, John Ray, wanda ya rasu a 1705, ya bayyana cewa ba don ta fito daga Mosko ake kiranta haka ba, sai don wani wari mai kama da almiski da aka ce tana da shi. Kalmar almiski da sunan Mosko sun yi kusa a bakin Bature, sai ɗaya ta rikiɗe ta koma ɗaya. A 1758 babban masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya sa mata sunan Latin moschata, watau mai almiski. Wannan ya ƙara wa bayanin ƙarfi.

Na uku kuwa ya ce sunan ya fito ne daga wata kabila ta Amurka, ko dai Muisca ta ƙasar Kolombiya, ko kuma Miskito ta bakin tekun Nikaraguwa da Honduras.

Ba Ingilishi kaɗai suka yi wannan ɓatan kai ba. Faransawa suna kiranta agwagwar Barbari, watau ta Afirka ta Arewa. Wani masani ɗan Italiya, Aldrovandi, ya kira ta agwagwar Alƙahira, don yana zaton daga Masar ta fito. Shi ya sa tun daga 1822 cikakken sunanta na kimiyya ya zama Cairina moschata, mai almiski ta Alƙahira. Ga tsuntsuwa ɗaya an raba ta ga Rasha da Magariba da Masar, ba ko ɗaya da ta haife ta.

Kada mai karatu ya yi wa Turawa dariya, domin Bahaushe ma ya yi irin haka. Masarar da ake gasawa a bakin hanya ta ɗauki sunan ƙasar Masar, alhali kuwa asalinta Meziko ne. Haka kuma talotalo, Ingilishi sun sa masa sunan ƙasar Turkiyya, shi ma ɗan Amurka ne. Sau da yawa suna yana nuna hannun da ake zaton ya miƙo kaya ne, ba gonar da aka shuka su ba.

Sanin wannan tarihi yana da amfani ga mai kiwo. Sauran agwagin gida na duniya, irin su farar Pekin ta ƙasar Sin da Khaki Campbell ta Ingila, duk kakansu ɗaya ne, wata agwagwar daji mai koren kai. Tamu kuwa jinsinta dabam ne. Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, na waɗancan agwagi a kwana 28, amma na agwagwarmu sai ya kai kwana 35. Wanda ya ƙirga kwana 28 ya ce ƙwai ya yi dungu ya zubar, to, ya zubar da 'ya'yan da saura mako guda su fito.

Har ila yau, in aka haɗa toron gida da agwagwar waje, za a sami 'ya'ya masu girma da nama, amma ba za su haihu ba, kamar dai alfadari. A Faransa da gangan ake yin wannan haɗi saboda nama da hanta. Amma talakan da ya sayar da iyayen yana jiran 'ya'yan su hayayyafa, ya yi asarar uwar kuɗi da riba.

Saboda haka, kafin mai kiwo ya sayi agwagwa, sai ya dubi fuskarta, ya kuma saurari kukanta. In ya ga jan tsiro, ya ji huci, to, ya shirya jiran mako biyar cif.