Maganar Mafarauta da Binciken Masana a Kan Namijin Kurege

A ƙasar Gumel, tun daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar, babu manomin da bai san kurege ba. Shi ne mai farin zane a haƙarƙari, mai haƙa rami a jigawa, wanda ya ke tone irin gyaɗa bayan shuka. Masana suna kiransa Euxerus erythropus, kuma ana samunsa tun daga Sinigal har Habasha. Idan rani ya yi, aka kawar da amfanin gona, samari kan bi shi da karnuka da gora. Duk wanda ya taɓa juya babban namiji bayan an kashe shi, ya ga yadda marainansa su ke da girma in an gwada da jikinsa. A kan wannan gaɓa ce aka daɗe ana sa-in-sa tsakanin mafarauta da masana halittar dabbobi, kuma inda gardamar ta fi ƙarfi shi ne Amurka.

A cikin kuregun bishiya na gabashin Amurka akwai ja da toka-toka. Jan bai fi rabin nauyin toka-tokan ba, amma ya fi shi faɗa. Mafarautan ƙasar sun gaji wata magana daga kakanninsu, cewa jan kurege kan bi toka-toka ya cije masa maraina. Waɗansu kuma su ce tsofaffin maza ne ke dandaƙe ƙanana don kada su yi takara da su wajen barbara. Hujjarsu kuwa ita ce, sau da yawa su kan harbo namiji su tarar jakarsa wayam.

Abin da su ka gani gaskiya ne. Fassarar da su ka yi masa ita ce kuskure. Da masana su ka riƙa feɗe irin waɗannan kuregu, sai su ka tarar da marainan suna nan a cikin mara, ba tabo ba rauni. Dalili kuwa, a jikin kurege da ɓera da danginsu, hanyar da ke tsakanin ciki da jakar maraina ba ta toshewa har ƙarshen rayuwa. Kurege toka-toka yana barbara sau biyu a shekara, watau wajen Disamba zuwa Fabrairu, da kuma Mayu zuwa Yuni. Idan lokacin ya wuce, sai marainan su tsuke su koma ciki, jakar ta motse, gashi ya rufe ta. Wannan kuwa yana faɗowa daidai da kakarsu, lokacin da a ke buɗe farauta. Daɗin daɗawa, da yawa daga abin da a ke harbowa a lokacin 'yan shekarar ne, waɗanda marainansu ba su riga sun sauko ba.

Kada a ɗauka mafarauta kaɗai ke faɗawa wannan rami. A 1856 Asa Fitch, masanin ƙwari na Jihar New York, ya sami tsutsar wani ƙuda a ƙarƙashin fatar marar wani ɗan ƙaramin kurege, kamar dai tsutsar da kan shiga fatar karnuka a ƙasar Hausa. Da bai ga maraina a jakar ba, sai ya yanke hukunci cewa tsutsar ce ta cinye su, har ya raɗa wa ƙudan suna Cuterebra emasculator, watau mai dandaƙa. A 1981 Robert Timm da Richard Lee su ka nuna cewa tsutsar ba ta taɓa maraina. Sunan dai yana nan har yau.

To, me ya sa kuregen ƙasa na Afirka ke da manyan maraina? Jane Waterman ta yi shekaru tana nazarin ɗan'uwan kuregen ƙasar Hausa a Namibiya, mai suna Xerus inauris. Ta gano cewa ana barbara a kowane wata na shekara, kuma mace kan karɓi maza da dama a cikin 'yan sa'o'i kaɗan. Mazan ba su cika faɗa da juna ba. Wanda ya fi yawan maniyyi shi ya fi samun rabon 'ya'ya, don haka tsawon marainan ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsawon jikin, ban da wutsiya.

Darasin da ke cikin wannan ya shafi malamin gona da ma'aikacin daji kai tsaye. Mafarauci ya fi kowa yawan taɓa dabba da hannunsa, saboda haka raina shaidarsa asara ce. Amma Hausawa da su ka ce gani ya kori ji, ba su ce gani ɗaya ya isa hukunci ba. Abin da ya kamata shi ne a rubuta watan da aka kama kuregen, da nauyinsa, a kuma feɗe a duba ciki, a yi haka shekara guda cur. Ta haka ne za a san watannin da kurege ke hayayyafa a ƙasar Gumel, a kuma san lokacin da farautarsa za ta rage wa manomin gyaɗa ɓarna.