ƊAN MALAM A OFISHIN LAUYA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, wannan labarin wani yaro ne ɗan shekara 16, ɗan wani malamin zaure a cikin birnin Kano, wanda ya yi mako 6 na hutun damina yana koyon aiki a ofishin wani lauya, da abin da ya gano a can, wanda ya kamata malamai da 'yan kasuwa su ji.

Yaron nan ya sauke Alƙur'ani, ya karance Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya kama Risala a gaban mahaifinsa, yana kuma aji biyar a makarantar sakandare. Sa'ad da makaranta ta ce kowane ɗalibi ya nemi wurin da zai ga yadda ake sana'a, sai ya zaɓi ofishin lauya. Mahaifin ya ƙi da fari, ya ce shi iyakar saninsa lauya mutum ne da ake biya don ya mai da baƙi fari.

Ba shi kaɗai ke da wannan zato ba, domin mutanen ƙasar nan sun daɗe ba su saba da lauya ba. A zamanin Turawa ba a yarda lauya ya tsaya gaban alƙali a kotun En'e, kuma sai a 1955 aka sami ɗan Jihar Arewa na fari da ya zama lauya, watau Alhaji Abdulganiyu Abdurrazaƙ na Ilori. Ƙanen malamin, wanda ɗan kasuwa ne, shi ya tuna masa cewa littattafan fiƙihu sun halatta mutum ya wakilta wani ya yi masa husuma. Malam ya yarda bisa sharaɗi biyu: kada yaro ya rubuta abin da ya san ƙarya ne, kada kuma ya jinkirta salla.

Yaro ya tafi yana tsammanin baƙar riga da hular gashi da dogon Turanci gaban joji. Sai aka damƙa shi hannun akawu. Aikinsa jera fayil, da rubuta ranakun zaman shari'a a cikin babban littafi, da kai takardu wurin rajistaran kotu a buga musu hatimi a karɓo rasit. Tun ran fari lauya ya kira shi ya ce, “Yaro, abin da ka ji a ɗakin nan amana ne. Ko Malam ba shi da rabo a ciki.” Ya ce, “To, Yallaɓai.” Cikin mako na biyu ya rubuta ranar wani zama ba daidai ba. Akawu ya gano kuskuren, ya nuna masa cewa da ba a lura ba, da an kira ƙara babu kowa, joji ya kore ta, mai haƙƙi ya yi hasarar kuɗi da watanni saboda kuskuren alƙalami guda.

Ya bi maigidansa kotun majistare da Babbar Kotu da kotun Shari'a, ya fahimci yadda suka samu. A 1960 aka fara aiki da dokar Final Kot, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. A ƙarshen shekarun 1960 aka raba kotunan alƙalai da En'e aka mai da su hannun gwamnati, sa'an nan a 2000 Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne ganin Tuhfa ta Ibnu Asim da Muhtasar na Shehu Halilu a kantar lauya, kusa da littattafan dokar Turawa, kuma da su yake kafa hujja gaban alƙali.

Ana nan ran nan sai ga wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari, ransa a ɓace. Ya ba wani amininsa dila 18 ta atamfa bashi, kamar yadda suka saba shekara da shekaru, sai Allah ya yi wa aminin rasuwa, magada suka ce ba su san zancen ba. Lauya ya ce, “Alhaji, akwai takarda?” Ya ce babu, ai tsakaninsu ba ta kai ga haka ba. Ya ce, “Shaidu fa?” Ya ce sai yaron shagonsa kaɗai.

Lauya ya warware masa hukuncin, yaro yana gefe yana rubutawa. Mai da'awa shi ke kawo shaida. A sha'anin dukiya ana son adilai biyu, ko kuwa ɗaya tare da rantsuwa, bisa mazhabar Imamu Malik. Yaron shago yana ci a ƙarƙashin Alhaji, saboda haka ana iya soke shaidarsa da tuhuma. Da yake kuma wanda ake bi ya rasu, ko shaida ta cika sai Alhaji ya ƙara rantsuwa cewa ba a biya shi ba, bai kuma yafe ba.

Alhaji ya yi shiru, kāna ya ce, “Barista, ai zan iya samo mutum biyu su ce a gabansu aka yi. Ba zalunci ba ne, kuɗina ne.” Lauya ya ce, “Alhaji, shaidar zur ba ta zama halal don mai ita yana da gaskiya. In na tsai da su alhali na sani, ana iya soke sunana daga aikin nan, gobe kuma ga tsayuwa gaban Allah. Kawo mini takardun bankinka na shekara biyu.”

Aka tula wa yaro takardun, ya kwana uku yana binsu layi layi. A rana ta uku ya tarar marigayin ya aiko da kuɗi sau biyu, kuma a jikin na biyun ya rubuta cewa wani sashe ne na kuɗin dila 12, akwai saura. Dokar shaida ta 2011 ta yarda a karɓi irin wannan takarda da kwamfuta ta fitar, amma ba a kai ga kotu ba. Lauya ya gayyaci babban ɗan marigayin ya nuna masa, ya tuna masa cewa ba a rabon gado sai an biya bashi. Magada suka amsa dila 12, suka cika sauran kuɗinta kafin rabo. Dila 6 da ta rage kuwa babu abin da ya nuna ta, ba su kuma yarda da ita ba. Alhaji ya bar wa Allah, sulusin kayansa ke nan ya tafi.

Da hutu ya ƙare yaro ya nemi izinin maigidansa, ya ba mahaifinsa labarin ba tare da ambaton sunan kowa ba. Malam ya jinjina kai, ya ce aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ga shi kuwa ana karanta ta kowane watan azumi, a fita kasuwa a ba da dukiya da baki kawai don jin nauyi. Tun daga ranar, duk ɗan kasuwar da ya zo zaurensa neman addu'a a kan bashi, sai ya fara tambayarsa ko ya rubuta.

Yaro ya ce yana son ya zama lauya. Hanyar tana da tsawo: shekara 5 a jami'a, sa'an nan shekara guda a Makarantar Lauyoyi, wadda aka kafa a Ikko a 1962, hedkwatarta ta koma Bwari kusa da Abuja a 1997, tana kuma da reshe a Bagauda ta ƙasar Kano. Malam ya ce ya yarda, amma sai yaro ya ƙare Risala ya kama Tuhfa tukuna, don ya san haƙƙin Allah a kan wakili kafin ya ɗauki wakilcin kowa.

Allah ya raba bayinsa da cin haƙƙin juna, ya sa a gama da duniya lafiya, amin. Haza wasalam.