Yadda A Ke Gyaran Fatar Jirgin Faiba

Mu mutanen Unguwar Boro muna kudu da Kogin Kaduna, ba mu da nisa da shi. Cikinmu akwai masu kama kifi. Akwai masu ɗiban yashi da kwale-kwale. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa riƙe filafili ba, amma in sun tafi ganin dangi a ƙasar Nufe ko Yawuri, sai sun shiga jirgin fito. Sabo da haka zancen jirgin ruwa zancenmu ne duka.

Kogin nan daga tuddan Jos ya taso. Ya ratsa garin Kaduna, ya bi ta Shiroro inda aka datse shi domin wutar lantarki, kana ya faɗa Kogin Kwara a ƙasar Nufe, daura da Fategi. Tsawonsa wajen kilomita 550 ne.

Jirgin da muka sani tun kakanninmu na itace ne. Wani a kan sassaƙe shi daga gungumen maɗaci, wani a kan haɗa shi da katako da ƙusa. In ya fara yoyo sai a cusa tsumma a tsagar, a shafe da kwalta. Wannan kowa ya iya.

Amma yanzu ga wani irin jirgi ya shigo, ana ce masa jirgin faiba. A watan Yuni na 2023 wani jirgin katako ya kife da 'yan biki kusa da Fategi, mutum fiye da 100 suka rasu. Kafin wannan, a watan Mayu na 2021, an yi irin wannan rashi kusa da Warra a Jihar Kebbi. Tun daga nan hukumomi su ke ta kira a bar tsofaffin jiragen katako a koma na faiba. Cikinsu har da hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda babban ofishinta ke Lakwaja. To, duk wanda jirgin faiba ya zo hannunsa, ko nasa ne, ko na ƙungiya, ko na gari, wajibi ne ya san yadda a ke lura da shi. Gama lurar jirgin itace daban, ta jirgin faiba daban.

Mene Ne Faiba?

Faiba ba itace ba ne, ba kuwa ƙarfe ba. Gilashi ne a ke narkarwa, a ja shi ya zama zare siriri, ya fi gashin kai siranta. A saƙa zaren ya zama kamar tabarma. Sa'an nan a jiƙa tabarmar da wani danƙo mai ruwa-ruwa, a shimfiɗa ta cikin mazubi mai siffar jirgi, a ƙara wata bisa wata. In danƙon ya daskare sai a zare, ga jirgi ya fito. A Amurka aka fara yin jirage haka, cikin shekarun 1940. Yau yawancin ƙananan jiragen shaƙatawa na duniya da shi a ke yi, har da masu tafiya da iska, watau waɗanda a ke kafa wa doguwar sanda a ɗaura ƙyalle iska ta tura su. Irin waɗannan a Ikko a ke ganinsu, inda masu su su ke da kulob tun 1932. Namu na nan inji ke tura su, ko filafili. Amma jikin ɗaya ne, gyaran kuma ɗaya ne.

Ga abin da mu ke so kowa ya riƙe. Kafin a shimfiɗa tabarmar gilashin nan, a kan fara shafa wa mazubin wani danƙo mai launi, fari ko shuɗi ko wani. Shi ne ke zama bayan jirgi, mai santsi, mai sheƙi. Mu kira shi fatar jirgi. Fatar nan ita ke tsare zaren da ke ciki daga rana da ruwa. Kaurinta kuwa bai wuce kaurin farcen ɗan yatsa ba. Ku dubi farcenku, ku gani. Iyakarta ke nan.

Abin Da Ke Kashe Sheƙi

Sabon jirgi mutum ya kan ga fuskarsa a jikinsa. Bayan shekara 2 ko 3 a rana sai ya dushe. Mai shuɗi ya koma toka-toka, fari ya koma kamar tsohuwar akushin tasa. Rana ce ke cin saman fatar sannu sannu, har ya zama gari. Jirgi mai duhun launi shi ya fi saurin nunawa.

Akwai gwaji mai sauƙi. Ku shafa tafin hannu a jikin jirgi busasshe. In hannun ya ɗauko farin gari kamar alli, rana ta fara ci. Ku kuma watsa ruwa kaɗan. In ruwan ya dunƙule yana gangarewa kamar a ganyen gwaza, fata tana da kariya. In ya baje ya kwanta, wurin ya yi duhu, kariya ta ƙare.

Wani zai ce, ina ruwan kifi da sheƙin jirgi? Gaskiya ne, kifi ba ruwansa. Amma fatar da ta zama gari ta buɗe ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Nan jan laka ke shiga, da gansakuka, da baƙin mai. Rana kuma tana ƙara ci. In aka bar ta shekara da shekaru, fatar ta kan ƙare, zaren gilashi ya bayyana. Daga nan ba sauran zancen gogewa, sai sabuwar fata ko fenti, wannan kuwa kuɗi ne masu yawa.

Wanki

Ba a fafe gora ranar tafiya. A zaɓi ranar da ba aiki. A jawo jirgin tudu, a ɗora shi bisa tsofaffin tayoyi ko itace, kada a ja shi kan dutse. A nemi inuwa. Da safe ya fi, tun jikin jirgin bai ɗau zafi ba.

A fara kwara ruwa mai yawa, ya tafi da ƙura da yashi. Sa'an nan a wanke da sabulu da soso mai laushi, daga sama zuwa ƙasa, a ɗauraye, a bar shi ya bushe. Inda ruwan kogi ya bar jan zane, a matsa lemun tsami a kai, a dakata kaɗan, a goge, a ɗauraye.

A nan ne mu kan yi kuskure. Mun saba wanke tukunya da yashi da toka da soson ƙarfe, tukunya kuwa ta yi fes. Sai mutum ya ga jirgi ya dushe, ga yashi a gabansa kyauta, ya ɗiba ya hau dirza. Kada a yi haka ko sau ɗaya. Tukunya ƙarfe ce har ciki. Fatar jirgi kaurin farce ce. Yashi ya kan bar zane dubu, kowane zane kuma sabon gidan datti ne. Haka nan da hunturu, kada a share ƙura da busasshen tsumma. Ƙurar hunturu ita ma tana karce. Ruwa tukuna.

Gurza

Bayan wanki sai cire mataccen saman nan da ya zama gari. Akwai man da a ke yi domin wannan, mai kauri kamar kunu, da ɗan gari mai laushi ƙwarai a cikinsa. Masu fentin mota sun san shi, da shi su ke fito da sheƙin sabon fenti. In an je wurinsu, ko shagon kayan mota, a ce ana son man gurzar fenti. Iri biyu ne, akwai mai kaushi, akwai mai laushi.

A fara da mai laushi. A gwada a wani ɗan wuri can baya inda ba a gani. In sheƙi ya fito, shi ke nan, ba a bukatar mai kaushi. In bai fito ba, a sa mai kaushi, kana a bi da mai laushi. Dalili kuwa shi ne, kowace gurza tana rage fatar. Abin da aka cire ba ya komowa. Wanda ke gurza jirginsa da mai kaushi kowane wata don ya fi na maƙwabci ƙyalli, shi da rana aikinsu ɗaya.

Ga yadda a ke yi. A sami tsumman auduga mai tsabta, tsohuwar singileti ta isa, amma a cire maɓalli da duk wani ɗinki mai tauri. A ɗiga man kaɗan. A kama wuri kamu ɗaya tsawo, kamu ɗaya faɗi, kada a wuce haka. A riƙa murzawa ana kewayawa, da ɗan ƙarfi, har man ya kusa bushewa. A ɗauki wani tsumma a share. A duba. A matsa gaba, sabon wurin ya ɗan hau kan na baya, don kada a bar rata. In tsumma ya cika da gari a sake wani.

Aikin yana cin kafaɗa, ba mu ɓoye muku ba. Mutum ɗaya da babban jirgi sai ya yini bai gama ba. Gara a yi gayya, mutum 3 ko 4, kowa da gefensa.

Akwai injin gogewa mai aiki da lantarki, mai faifai da gashin tunkiya. Yana da sauri, amma yana da haɗari a hannun wanda bai saba ba. In aka tsai da shi wuri ɗaya sai wurin ya yi zafi, fatar ta ƙone. A gefe-gefe da kusurwa kuwa, nan da nan ya ke cinye ta. Wanda zai yi aiki da shi ya sa shi a hankali, ya riƙa tafiya da shi kullum, ya kuma nisanta waya da ruwa.

In an ga launi ya soma canzawa, ko an hango alamar saƙa daga ƙarƙashi, a tsaya nan take. Fata ta zo ƙarshe a wurin.

Kaki

Gurza ita ke komo da sheƙi, amma ba ta tsare shi. Jirgin da aka gurza aka bari haka, kafin 'yan watanni ya sake dushewa. Abin da ke tsarewa shi ne kaki.

Mun san kakin zuma. Na jirgi da na mota ya fi shi tauri. Da yawansu da kakin wata bishiya a ke haɗa su, mai kama da giginya, sunanta karnuba. A arewa maso gabashin Birazil ta ke fitowa, ƙasa mai zafi da fari. Ganyenta ne ke fid da kakin don kada rana ta busar da shi. Mutanen can su kan yanko ganyen, su shanya, su kakkaɓe garin, su narkar. Watau aikin da kakin ke yi wa ganye a Birazil, shi zai yi wa jirginmu a Kaduna. Akwai kuma wani irin da a ke haɗawa a masana'anta, shi ya kan fi daɗewa. In an sami wanda aka yi musamman domin jirgi, madalla. In ba a samu ba, na mota ya yi.

A shafa shi siriri da tsumma mai laushi ko guntun katifa. Yawa ba ya ƙara kome sai wahalar sharewa. A dakata har ya yi hazo-hazo. A ja yatsa a kai. In yatsa ya share shi sarai, ya yi, sai a goge da busasshen tsumma mai tsabta har ya ɗau ido. In ya yi maiƙo, a ƙara dakatawa. Kada a shafa a rana tsaka, gama zai ƙame ya ƙi fita.

Kada a sa man gyaɗa, ko man ja, ko baƙin man inji a madadinsa. Suna ba da ƙyalli na yini ɗaya, kana su kama ƙura, ruwa kuma ya wanke su cikin kogin da mu ke kama kifi.

Wuri biyu ba a sa musu kaki. Na fari, duk inda ƙafa ke takawa, da inda a ke dafawa a shiga. Kaki da ruwa santsi ne, tsohuwa mai kaya a ka za ta iya faɗawa ruwa. Na biyu, gindin jirgin da aka shafa wa fenti na hana gansakuka. Kaki ya kan rufe fentin ya hana shi aiki.

A ƙasarmu mai zafin rana kaki ba ya daɗewa. A sabunta shi bayan wata 3 ko 4. In ba hali, kada a kasa sau 2 a shekara, ɗaya kafin damina, ɗaya bayan ruwa ya janye. Gwajin ganyen gwaza shi zai faɗa muku lokaci. Sabulun gari mai ƙarfi yana cire kaki, sabo da haka wankin yau da kullum ruwa zalla ya isa. In jirgi zai daɗe ba aiki, a kife shi a inuwa, ko a rufe shi da tamfol.

Abin Da Hannu Ke Ji

Mai gogewa ya kan bi jirgi kamu kamu, hannunsa ya taɓa ko'ina. A nan ya ke gane abin da mai kallo daga nesa ba ya gani. Zai ga ƙananan tsaga kamar saƙar gizo. Waɗannan sau da yawa a fata kaɗai su ke, amma a sa musu ido. Zai ji ƙuraje a gindin jirgi, alamar ruwa ya shiga ƙarƙashin fata. Zai ji wurin da ke lotsawa in an danna. A ƙwanƙwasa wurin da ƙotar wuƙa. Lafiyayyen faiba ƙararsa tsaf ta ke fita. Wanda ya rabu daga ciki sai ya yi buf-buf.

Kaki ba ya ɗinke tsaga. Kwalta da tsumma kuma ba aikinsu ba ne nan. Tsagar da farce ke shiga, ko wurin da ke lotsawa, sai mai aikin faiba. Shi zai kankare wurin, ya sa sabuwar tabarmar gilashi da danƙo. Sa'ad da ya ke kankarewa a hana yara matsowa, gama ƙurar tana sa ƙaiƙayi, ba ta kuma da kyau a huhu. Jirgin kada ya ɗauki mutum ko ɗaya sai gyaran ya daskare, an sa shi ruwa ba kaya, an duba ciki an ga a bushe ya ke.