Da Watson ya zama mace: Rigimar masu kallo kan Sherlock Holmes na Amurka

A watan Fabrairun 2012 wani labari ya fito daga gidan talabijin na CBS da ke Amurka, ya tayar da ƙura a tsakanin masu son labaran binciken laifi. Gidan zai shirya fim mai dogon zango a kan Sherlock Holmes, shahararren mai binciken nan na Landan. Sai dai a birnin Niyu Yok zai zauna, a wannan zamanin na wayar salula, kuma mace ce za ta fito a matsayin amininsa Dokta Watson. Jarumar da aka zaɓa ita ce Lucy Liu, haifaffiyar Niyu Yok wadda iyayenta 'yan asalin ƙasar Sin ne. Ko minti ɗaya na fim ɗin ba a haska ba a lokacin, amma mutane da dama sun riga sun yanke masa hukunci.

Ga wanda bai san Holmes ba a cikinku, ƙannena, ba mutum ne da ya taɓa rayuwa ba. Wani likita ɗan Sikotilan mai suna Arthur Conan Doyle ne ya ƙirƙire shi, ya fara fito da shi a littafin A Study in Scarlet a 1887. Daga nan zuwa 1927 ya rubuta littattafai 4 da gajerun labarai 56 a kansa. Holmes mutum ne da zai dubi takalminka da hannun rigarka ya faɗa maka sana'arka da inda ka fito. Doyle ya samo wannan hali ne daga malaminsa na makarantar likitanci a Edinbura, Dokta Joseph Bell, wanda yakan gane abubuwa da yawa game da majinyaci tun kafin ya buɗe baki. Shi kuwa Watson likitan soja ne da ya samu rauni a yaƙin Afganistan, ya dawo Landan, suka kama haya tare a gida mai lamba 221B a titin Baker. Kusan duk labaran daga bakin Watson muke jin su.

Ƙorafin farko da aka yi wa sabon fim ɗin, wanda aka sa wa suna Elementary, shi ne wai kwaikwayo ne. Tun 2010 BBC take haska nata mai suna Sherlock, inda Benedict Cumberbatch da Martin Freeman suka fito a matsayin Holmes da Watson a Landan ta yau, kuma ya samu masoya masu tsananin kishinsa. Furodusar fim ɗin, Sue Vertue, ta shaida wa 'yan jarida cewa CBS ta taɓa tuntuɓar su a kan sake yin nasu fim ɗin don Amurkawa, ta kuma nuna cewa za su sa ido sosai su ga ko an taɓa musu haƙƙi. Da jin haka magoya bayan BBC suka ɗauki zafi. Abin dariyar shi ne, jarumin da CBS ta ɗauka, Jonny Lee Miller, shi ma ɗan Ingila ne, kuma abokin Cumberbatch ne. A 2011 sun yi wasan daɓe na Frankenstein tare a Landan, suna musayar matsayi daga dare zuwa dare, har aka raba musu lambar yabo ta Olivier su biyu a 2012. Masoya suna ta jifan juna da baƙaƙen maganganu, waɗanda ake faɗan dominsu kuwa lafiya lau suke.

Maganar Watson ta fi zafi. Wasu sun ce ginshiƙin labarin shi ne amincin da ke tsakanin maza biyu, in aka taɓa shi an rushe gidan. Wasu sun ce sun san halin masu fim na Amurka: da zarar an haɗa namiji da mace, ba za a kai zango na biyu ba sai an mayar da abin soyayya. Akwai waɗanda abin da ya dame su shi ne an cire wa Watson tarihinta na soja. A wannan fim Joan Watson likitar tiyata ce da ta bar aiki bayan wani majinyaci ya mutu a hannunta, don haka suka ce an ɗauki jarumin soja an mayar da shi mai reno. Akwai kuma waɗanda, in ka tone maganarsu, ba komai ke cinsu ba illa ganin mace, kuma ba Baturiya ba, a wannan matsayi. Waɗannan ba su da wata hujja da za a tsaya amsawa. Amma tsoron a mayar da labarin soyayya ba tsoron banza ba ne, kuma wanda ya ƙirƙiri fim ɗin, Robert Doherty, ya fito tun da wuri ya ce hakan ba za ta faru ba.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, wane Holmes ne masu fushin suke karewa? Ku rufe ido ku tuna hotonsa: hula mai baki gaba da baya, da lanƙwasasshen lofe a baki. Doyle bai taɓa ambatar sunan wannan hular a labaransa ba. Mai zane Sidney Paget ne ya ɗora masa ita a mujallar Strand a 1891. Lanƙwasasshen lofen kuma an fi danganta shi da William Gillette, wani Ba'amurke da ya fara fitowa a matsayin Holmes a wasan daɓe a 1899. Da Gillette ya nemi izinin ya aurar da Holmes a wasan, Doyle ya sakar masa mara ya yi duk abin da ya ga dama da shi. Hatta sunan fim ɗin, Elementary, wanda ke nufin abu mai sauƙin ganewa, an ciro shi ne daga wata jimla da duniya ta haddace a matsayin kalaman Holmes ga Watson, alhali jimlar a yadda aka san ta ba ta cikin ko ɗaya daga labarai 60 na Doyle.

Kai shi zamanin yau ma ba BBC ce ta fara ba. A wasu daga cikin finafinai 14 da Basil Rathbone ya yi tsakanin 1939 da 1946, an kawo Holmes lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana farautar 'yan leƙen asirin Jamus. A cikinsu Nigel Bruce ya fito da Watson a matsayin wani dattijo mai shirme, wanda ya yi nisa da likitan nan mai hankali na cikin littafi, amma mutane suka karɓa har suka ɗauka haka yake. Watson mace ma an taɓa yi: ita kanta CBS ta haska wani fim a 1987 inda Margaret Colin ta fito a matsayin Jane Watson. Su kuma masu cewa me ya haɗa Holmes da Amurka, da sun buɗe littafin farko da sun ga wani babban ɓangarensa a yankin Utah na Amurka ya faru, kuma Irene Adler, macen da ta taɓa yi wa Holmes wayo, haifaffiyar New Jersey ce a rubutun Doyle.

Mu da muka tashi da Magana Jari Ce bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Abubakar Imam ya ɗebo da yawa daga labaran littafin daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na wasu ƙasashe, ya sa musu riga da rawani, ya zaunar da su a fadar sarki. Ba wanda yake karanta shi yana tambayar ko an bi asali sau da ƙafa. Tambayar ita ce ko labarin ya zauna daram a sabon gidansa.

An fara haska Elementary a ranar 27 ga Satumba, 2012, kuma sama da mutum miliyan 13 suka kalli kashi na farko a Amurka. A Fabrairun 2013 CBS ta ba shi gurbin da ake rububi, wato bayan wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, inda masu kallo suka haura miliyan 20. Daga wannan lokaci salon maganar ya fara sauyawa, domin yanzu akwai abin da za a kalla, ba jita-jita kawai ba.

Abin da mutane suka tarar shi ne Holmes da ya fito daga cibiyar farfaɗo da masu shaye-shaye. Ƙwaya ta durƙusar da shi a Landan, ya rasa aikinsa da mutuncinsa, mahaifinsa attajiri ya ɗauki Joan Watson aiki don ta zauna da shi ta tabbatar bai koma ruwa ba. A nan ne nake ganin fim ɗin ya fi sauran kusanci da Doyle, duk da cewa shi aka fi zargi da kauce masa. A littafin The Sign of Four na 1890, Holmes yana yi wa kansa allurar hodar ibilis, Watson kuma yana yi masa faɗa a matsayinsa na likita. A wani labari na baya Watson ya bayyana cewa shi ya raba shi da ɗabi'ar sannu a hankali, kuma bai taɓa sakin jiki cewa ta tafi ke nan ba. Finafinai da yawa sukan wuce wannan da sauri, ko su nuna shi kamar wani ado na mai baiwa. Elementary ya tsaya a kansa tsawon shekara bakwai. Za ka ga mutumin da ya fi kowa kaifin ƙwaƙwalwa a ɗaki yana zaune a taron masu fama da jaraba, yana gundura, yana raina su, har ya zo ya gane bai fi ƙarfin abin da ya kawo su ba. A ƙarshen zango na uku ya sake faɗawa, bayan shekaru yana riƙe da kansa, sai da ya sake farawa daga tushe. Masu kallo da dama da suka san wannan ciwo a jikinsu ko a gidajensu sun yaba da yadda aka nuna shi ba tare da kwalliya ba. Duk wanda ya ga yadda kodin da taramol suka yi da wani yayansa ko abokin karatunsa zai gane abin da suke nufi.

Ita kuwa Watson, wadda aka ce za ta zama mai reno, tun kafin zango na farko ya ƙare ta zama ɗalibarsa a aikin bincike, daga baya ta zama abokiyar aiki mai karɓar nata binciken. Ilminta na likitanci yana warware abin da ya shige masa duhu, kuma in ya yi mata rashin kunya takan taka masa burki nan take. Lucy Liu ma ta ba da umarnin wasu kashi-kashi na fim ɗin da kanta. Wanda bai kalla ba ya tsallake jimla mai zuwa. Babban maƙiyin Holmes, Moriarty, shi ma mace ce a nan, Natalie Dormer ta fito a matsayin, kuma ita ce dai Irene Adler ɗin da ya so, sannan dabarar Watson ce ta kai ga kama ta. Da yawa daga masu kallo suna lissafa wannan a cikin abubuwan da suka fi burge su a fim ɗin gaba ɗaya.

Ba duk masu suka ne suka sauko ba, kuma wasunsu suna da gaskiya. Gidajen talabijin na Amurka suna son kashi da yawa: zango biyar na farko kowanne kashi 24 ne. BBC kuwa kashi uku take yi a zango, 13 ke nan gaba ɗaya har da na musamman. Wanda zai kawo sabon kisan kai kowane mako dole wani lokaci ya maimaita kansa. Akwai kashin da in ka cire sunan Holmes ba abin da zai bambanta shi da sauran finafinan 'yan sanda na CBS: a tsinci gawa, a zargi mutum biyu bisa kuskure, a kama na uku saura minti biyar a tashi. Masu kallo har sun gano cewa in ka ga fitaccen jarumi ya leƙo a farkon kashi ya ɓace, to sau da yawa shi ne mai laifin. Yadda aka fito da Mycroft, yayan Holmes, a zango na biyu, har aka haɗa shi soyayya da Watson, bai yi wa mutane da yawa daɗi ba, ni ma ina cikinsu. Yawan masu kallo ya riƙa raguwa a shekarun baya, zango na ƙarshe kuma kashi 13 kawai aka yi. Sannan fim ne na manya, akwai gawarwaki da zantukan da ba na ƙananan yara ba, don haka ba wanda za a kunna wa 'yan aji ɗaya ba ne.

Amma wannan tsawon da ya jawo maimaici shi ne ya ba da damar ganin mutum biyu suna sauyawa a hankali, abin da kashi 13 ba zai iya ba. Miller ya fito a matsayin Holmes a kashi 154, ya zarce Jeremy Brett wanda ya yi 41 tsakanin 1984 da 1994, kuma har yau mutane da yawa suna ɗaukar Brett a matsayin wanda ya fi kowa dacewa da Holmes na littafi. A tsawon wannan lokaci an ga Holmes yana kiwon zuma a saman bene, kamar yadda na Doyle ya koma kiwonta bayan ya yi ritaya, har ya raɗa wa wani sabon nau'in ƙudan zuma sunan Watson. Irin godiyarsa ke nan, tunda bakinsa ba ya iya furta ta.

An haska kashi na ƙarshe a ranar 15 ga Agusta, 2019. Kafin nan Holmes ya yi mutuwar ƙarya ya ɓace, kamar yadda Doyle ya jefa nasa a magangarar ruwa ta Reichenbach a 1893 sannan ya dawo da shi a 1903 bayan masu karatu sun hana shi sakat. Da na Niyu Yok ya dawo bayan shekara uku, sai ya tarar Watson ta ɗauki wani yaro riƙo ta sa masa suna Arthur, kuma tana fama da ciwon daji. Ya fasa tafiyar da ya shirya, ya zauna yana jinyarta har ta samu sauƙi. Doherty ya cika alkawarin da ya ɗauka a 2012: har aka rufe fim ɗin ba a yi soyayya tsakaninsu ba.