Maikin Dutsen Kwatarkwashi Na Neman Zama Labari

Duk matafiyin da ya bar Gusau ya nufi Tsafe ba zai rasa ganin dutsen Kwatarkwashi ba, cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. Tun zamanin Maguzawa garin ya yi suna wajen wasan Baura da kamun maiki, tsuntsun da ya saba sheƙa a kan dutsen.

To amma a 2015 masana suka sa maiki cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma masu farautarsa don haɗa magani.

Akwai abin koyi a ƙasar Beliz. Can Garifuna, masu tushe a Afirka, waɗanda Ingilishi suka kora daga tsibirin San Binsan a 1797, kan yi bikin zuwansu kowace 19 ga Nuwamba da ganguna da kwale-kwale. A 1977 gwamnati ta mayar da ranar hutun ƙasa, a 1986 kuma ta keɓe daji don kare damisa.

Ya kamata hukumomin Zamfara su duba wannan, tun kafin jikoki su tambayi kamannin maiki.