Ɗaga Ƙafafun Motar Daji: Ribarsa da Hasararsa

Duk wanda ya san tashoshin Agadas, Tawa ko Damagaram ya san motocin nan da muke kira kat-kat, wato masu ja da ƙafa huɗu. Su ne jakunan wannan zamani. Su ke kai allurar rigakafi rugagen Abalak da Cintabaradan, su ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa likita, su ne kuma ke ratsa Tenere zuwa Dirku da Bilma. A da Land Rover, wadda Ingila ta fara ƙerawa a 1948, ita ce sarauniyar wannan hanya, kafin Toyota Land Cruiser da Hilux su karɓe mata wuri. To, yanzu wata al'ada ta yaɗu tsakanin masu irin waɗannan motoci, ta ƴan kasuwa da ta ma'aikatu duka: da an sayi mota sai a wuce da ita garaji a ce a ɗaga ta. Ana ganin ta tsaya ƙerere kamar raƙumi, mai ita yana murna. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, me aka saya da wannan tsayi, kuma da me aka biya shi?

Dalilin masu ɗagawa ba na banza ba ne. Hanyoyin daji manyan kamiyo ne suke fara tona su, su bar kwari biyu masu zurfi da tudun rairayi a tsakiya. Ƙaramar mota in ta bi sawunsu sai cikinta ya zauna bisa tudun, tayoyi suna juyawa a banza. Da damina kuma ga koramu da gaɓarsu mai tsini. Ƙarin santimita 5 yakan raba direba da yinin haƙa da shebur cikin rana.

Amma akwai wani abu da masu mota da yawa ba su lura da shi ba. A motar da ke da sandar ƙarfe guda wadda ta haɗa tayoyi biyu, wadda makanikai ke kira pon, wurin da ya fi kusa da ƙasa shi ne tulun nan da ke tsakiyar pon ɗin. Shi kuwa pon bisa tayoyi yake zaune. Ko an ɗaga jikin mota da kamu guda, tulun yana nan inda yake. Babu abin da ke ɗaga shi sai taya mafi girma, kuma rabin ƙarin girman tayar kawai ake samu. Tayar nan ta 7.50 R16 da aka saba gani tsayinta wajen santimita 81 ne. In an musanya ta da mai santimita 89, tulun ya tashi da santimita 4 ke nan. Saboda haka babban amfanin ɗagawa shi ne ta buɗe wa babbar taya wuri, ta kuma nesanta hanci da gindi da tsakiyar cikin mota daga ƙasa.

Hanyoyin ɗagawa sun bambanta, kuma daɗin tafiya ya danganta ga wadda aka bi. Wasu sukan sa ƴan guntayen roba ko ƙarfe tsakanin jiki da shasi. Wannan ba ya taɓa laushin mota, sai dai ba ya ɗaga shasin ko kaɗan. Wasu sukan tsawaita ƙarafunan da ke rataye da lam, wato faifayen ƙarfen nan da aka jera bisa juna, waɗanda maƙwabtanmu na Nijeriya ke kira sifirin. Wasu kuma su kai lam wurin maƙeri ya yi ta dukansu da guduma har su ƙara lanƙwasa, abin da ba ya daɗewa, don ƙarfen da ya gaji komawa yake inda ya fito, in bai karye ba. Wadda ta fi yawa a garajojinmu ita ce ƙara lam ɗaya ko biyu, wani lokaci ma na wata mota dabam da aka tsinto a kasuwa. Ta ƙarshe, wadda ta fi tsada, ita ce a sayo cikakkun kaya da aka ƙera musamman domin wannan mota: rasor da amortisa da sauran ƴan ƙarafunan gyara, duk an auna su tare.

A kan ƙarin lam ya kamata mu tsaya, domin nan ne ake yawan cutuwa. Aikin rasor shi ne ya lanƙwasa in taya ta hau tudu, don kada bugun ya kai ga wanda ke zaune. Masu ƙera motoci suna auna taurinsa da nauyin da zai ɗauka, ta yadda jikin mota zai riƙa lilo wajen sau ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin daƙiƙa, abin da jikin ɗan Adam ya saba da shi wajen tafiyar ƙasa. In an ƙara lam, an ƙara tauri. Motar da ke ɗauke da buhunan gero ko durom na gazuwal kullum za ta ji daɗin haka, gama nauyin zai danne ƙarfen ya sa shi aiki. Amma ranar da ta fita wayam, daga direba sai mutum biyu, lam ba za su motsa ba, sai motar ta koma amalanke. Kowane dutse a ƙashin baya yake sauka. Ba wahalar jiki kaɗai ba ce: taya mai tsalle-tsalle ba ta riƙe ƙasa, kuma tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

A ganina, babu inda wannan kuskure ya fi muni kamar a motar ɗaukar marasa lafiya. Nauyin da take ɗauka kaɗan ne, gadon majinyaci kuwa daidai bisa pon na baya yake. Wanda ya sa mata lam irin na motar hatsi, don a ce ta yi ƙarfi, ya ɗora wa mace mai naƙuda ko mai karaya azabar kilomita 100 na gargada. Su kansu masu ƙera motocin sassauci suka yi ta nema: Range Rover ta fito da rasor mai murɗi irin na igiya tun 1970, Land Rover ta bi sahu a 1983, Land Cruiser 80 a 1990, sa'an nan a 1999 aka sa wa ƴan gidan Land Cruiser 70 irinsa a gaba, aka bar lam a baya domin kaya.

Abokin aikin rasor shi ne amortisa, bututun nan mai mai a ciki wanda ke kashe lilo. Kowane amortisa yana da iyakar miƙewa da iyakar tsukewa. In an ɗaga mota an bar mata na asali, to ya riga ya miƙe tun tana tsaye, ɗan rami kaɗan zai kai shi maƙura, a ji ƙwas a ƙarƙashin kujera, kuma ba a daɗewa sai kunnensa ya cire. In an sa wanda ya yi tsawo da yawa, shi zai riƙa karɓar bugu sa'ad da mota ta dira, maimakon robar da aka tanada domin haka. Gargada kuwa ita ce babbar jarrabawarsa. Binciken da wasu masana suka buga a 2007 ya nuna cewa ba laifin direba ko na amortisa ba ne hanyar burji take yin gargada: muddin tayoyi suna wucewa bisa ƙasa mai garari da gudun da ya ɗara wajen kilomita 8 a awa, sai ta yi. Direbobinmu sun san dabarar taka mota zuwa 70 ko 80 don ta riƙa bin kawunan tuddan, jijjiga ta ragu. A wannan gudu amortisa yana hawa da sauka sau da yawa a kowace daƙiƙa, mansa ya yi zafi ya yi kumfa, ya daina riƙo, motar ta fara iyo. Maganin kumfar wani Bafaranshe mai suna de Carbon ya samo shi a farkon shekarun 1950, da ya matse man da iskar gas. Mai kuɗi kaɗan da zai zaɓa tsakanin ƙarin tsayi da amortisa mai kyau irin wannan, na biyun ya fi masa.

Sai batun sitiyari. Ku dubi keke: ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba a kishingiɗe yake, shi ya sa keke ke miƙewa da kansa ko an saki hannu. Tayoyin gaban mota ma suna da irin wannan kishingiɗa. In an ɗaga mota mai pon a gaba, pon ɗin yakan ɗan juya bisa hannuwan da ke riƙe da shi, kishingiɗar ta ragu. Direba zai ga motar tana yawo bisa gudro, kuma sitiyari ba ya komowa bayan kwana. Akwai robobi da faranta na musamman da ke mai da ita daidai, amma sau da yawa su ake fara tsallakewa don rage kuɗi. Motocin da kowace tayar gaba ke motsi ita kaɗai, kamar sababbin Hilux, nasu ciwon dabam ne: ɗagawa tana karkatar da kardan, robarsa ta yage, rairayi ya shiga, kuma tayar ta rasa sararin sauka cikin rami. Shi ya sa irinsu ba su son a wuce santimita 5.

Akwai kuma wani ɗan ƙarfe a bayan tsofaffin Land Cruiser da Hilux wanda ba kowa ya san aikinsa ba. Yana auna nisan shasi da pon, don ya ƙara wa tayoyin baya birki in an yi lodi, ya rage in babu. Motar da aka ɗaga ba a gyara shi ba, kullum ganin ta yake wayam, ko da tana ɗauke da tan guda. Tiyon birki shi ma yana bukatar ƙarin tsawo, fitilu kuma a sunkuyar da su, don kada a makantar da masu tahowa.

Mu zo ga kifewa, wadda ita ce ke cin rai. Hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka tana da wani lissafi mai sauƙi da ta fara auna motoci da shi a 2001: a ɗauki faɗin da ke tsakanin tayar dama da ta hagu, a raba shi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyin mota. In adadin ya yi ƙasa, kifewa ta yi kusa. Ƙananan motoci sukan sami 1,30 zuwa 1,50, motocin daji kuwa tun daga masana'anta a ƙasa da haka suke. Mu yi misali da mota mai faɗin santimita 150, cibiyar nauyinta a 70: ta sami 1,07. Cibiyar ta hau zuwa 75, ta koma 1,00. Yanzu a ce nauyinta kilo 2500 ne, aka ɗora kilo 300 bisa rufi, mita 2 daga ƙasa, wato jarka 10 na ruwa da taya da ƙarfen ɗaukar kayan. Cibiyar ta kai 88, adadin ya faɗo 0,85. Kun ga lodin sama ya fi ɗagawar kanta ɓarna. Sai dai ɗagawar ce take jawo lodin. A da, in kaya sun yi yawa mota takan durƙusa, kowa ya gani, yaran mota su ce ya isa. Da aka taurara ta, ta daina kuka, sai a yi ta ɗorawa, fasinjoji su hau bisa kayan. Alhali nauyin da aka rubuta a kart giriz bai canja ba, kuma birki da pon da shasi duk na jiya ne. Ranar da akuya ta gitta ko tayar gaba ta fashe, direba ya karkata sitiyari da sauri, a nan ake biyan bashin.

Ga ma'aikatan da ke riƙe da littafin mai a ofisoshi, ga wani abin lura. Agogon mota juyin taya yake ƙirgawa. Taya mai santimita 89 a gurbin mai 81 tana cin ƙasa fiye da kima da wajen kashi 10 cikin 100 a kowane juyi. In allura ta nuna 90, motar tana kusa da 99 ne. Tafiyar Yamai zuwa Damagaram, wadda ta kusa kilomita 900, agogo zai rubuta wajen 820. Ga shi kuma babbar taya ta fi nauyi, doguwar mota ta fi tare iska, dole shan mai ya ƙaru. Akawu ya raba lita da kilomita, ya ga lissafi bai hau ba, sai zargi ya faɗa kan direba, bawan Allah da bai saci ko kofi ɗaya ba.

Tsofaffin direbobin Tenere, waɗanda suka yi wa ƴan tseren Paris-Dakar kallo tun zuwansu na fari Agadas a Janairun 1979, suna da dabarar da ba ta cin ko dala: rage iskar taya. A rairayi mai laushi sukan sauke ta zuwa wajen kilo 1, tayar ta shimfiɗu, motar ta hau bisa yashi maimakon ta tona shi. A gargada ma ɗan ragi yana tausasa tafiya, in an rage gudu. Sharaɗin shi ne a mai da iskar kafin a hau gudro, don taya maras iska zafi take yi ta fashe.

Wanda aikinsa ya wajabta masa ɗagawa, to ya fara da auna motarsa da lodin da ta saba ɗauka, ya zaɓi rasor gwargwadon wannan nauyi, ba gwargwadon na maƙwabci ba. Ya tsaya a santimita 4 zuwa 5, ya canja amortisa tare da rasor rana ɗaya, ya sa a gyara kishingiɗar gaba da ma'aunin birkin baya, a kuma daidaita tayoyi. Ruwa da mai da duk abu mai nauyi su zauna ƙasa, tsakanin pon biyu. Rufi na tabarmi ne da katifa. Bayan ƴan kwanakin farko na tafiya a koma garaji a sake ɗaure kusoshin lam, domin sababbin lam sukan zauna, kusoshin su saki. Kuma kafin a miƙa wa direba makulli, a bar shi ya gwada birki da kwana a fili, sau ɗaya wayam, sau ɗaya da lodi, don motar da ya sani jiya ba ita ce aka dawo masa da ita ba.